Sa hannun dijital: me ya sa wanda ya nuna kore bara yake komawa ruwan ɗorawa bana?

Wai idan aka sa hannu a takarda ta kwamfuta, shi ke nan ta zauna daram har abada? In haka ne, to me ya sa PDF ɗin da ka buɗe shekara uku da suka wuce ya nuna maka koren alama cewa komai lafiya, yau ka buɗe shi yana ce maka ba a san ingancin sa hannun ba, alhali ko wasali ɗaya ba wanda ya taɓa a ciki? Duk lokacin da maganar takardun bogi ta taso a ƙasar nan, na makaranta ne ko na fili, za ka ji mutane a Facebook suna cewa ai mafita kawai a mayar da komai dijital a huta. WAEC ta fito da satifiket na dijital a 2022, CAC ma yanzu ta intanet kake sauke takardar rajistar kamfaninka, kowa na ta murna. Ni ma ina murna, amma akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya hana ni barci kwanan baya.

Wani Alhaji da nake yi wa aikin manhaja a nan Abuja, harkar gidaje yake yi wajen Gwarinpa, shi ya kira ni bayan sallar isha'i murya a sama. "Injiniya, wannan wane irin aiki ne? Yarjejeniyar da muka sa wa hannu da mutanen nan, loya ya buɗe ta yau ta fito da wani alwatika mai ruwan ɗorawa." Na ce ranka ya daɗe a turo min fayil ɗin yadda yake, kar a yi sikirinshot. Ina buɗewa na gane matsalar. Takardar lafiyarta ƙalau, ba a canza komai ba. Wanda ya rubuta musu tsarin sa hannun tun farko, wani kamfani ne kafin zuwana, ya yi rabin aiki ne ya tafi.

Ba hoton sa hannunka ake nufi ba

Mu fara kawar da ruɗanin da ya fi yawa. Abin da ake yi a bizines senta, ka sa hannu a farar takarda da biro, yaron shago ya yi sikanin, ya yanke ya manna a ƙasan wasiƙa, wannan hoto ne kawai. Duk wanda ya taɓa samun takarda ɗaya mai ɗauke da shi zai iya kwafe shi ya liƙa a kan takardar sayar da gidanka. A doka yana iya shiga cikin abin da ake kira sa hannun lantarki, domin kalmar tana da faɗi, amma ba ya kare komai.

Sa hannun dijital lissafi ne. Abu biyu ake haɗawa. Na farko shi ne hash, wato kamar zanen yatsa na fayil: a zuba fayil ɗin gaba ɗaya cikin wani lissafi, misali SHA-256, ya fitar da jerin haruffa da lambobi guda 64. Ka canza ko ɗigo ɗaya, ka mayar da miliyan 5 ta koma miliyan 50, jerin nan zai canza kwata-kwata. Na biyu shi ne makulli mai 'ya'ya biyu, ɗaya na sirri da ke hannunka kai kaɗai, ɗaya na fili da kowa zai iya gani. Da na sirrin ake rufe hash ɗin, da na filin ake dubawa. Wannan dabara Diffie da Hellman ne suka fito da tushenta a 1976, sai Rivest da Shamir da Adleman suka kawo RSA a 1977, wanda har yau da shi ake sa hannu a takardu da dama, tare da ƙaninsa ECDSA.

To amma waye ya ce wannan makullin na fili na Alhaji ne ba na ɗan damfara ba? A nan satifiket ke shigowa, irin wanda ake kira X.509. Wata hukuma ko kamfani da aka amince da shi, ana ce musu CA, su ne za su duba ka, su ba ka takardar shaida cewa wannan makulli na wane ne, su sa mata nasu hannun. Su ma wani na sama da su ne ya shaide su, har a kai ga tushe wanda manhajar da ke dubawa ta riga ta yarda da shi. Wanda ya yi karatun hadisi zai gane wannan nan take, isnadi ne: wane daga wane daga wane, in mutum ɗaya a tsakiya ya samu matsala duk silsilar ta girgiza. Adobe na da nasu jerin amintattu da suke kira AATL, Tarayyar Turai ma kowace ƙasa na da nata jerin.

Ina lokaci ke shigowa ya ɓata lissafi?

Ka tuna yadda ake cinikin gona a ƙauye. An rubuta takarda, mai sayarwa ya dangwala, shaidu uku sun dangwala, mai unguwa ya buga hatimi. Ranar nan kam ba mai musu. Bayan shekara talatin fa? Shaidu biyu sun rasu, na ukun ya tsufa ba ya tuna komai, an canza mai unguwa, hatimin ma an sake sabo, sai jikan mai gona ya taso ya ce kakansa aro ya bayar. Takardar ba ta canza ba, waɗanda za su tsaya mata ne suka ƙare. Abin da ke samun sa hannun dijital ke nan, sai dai shi ba ya ma jiran shekara talatin.

Satifiket ɗin sa hannu yana da wa'adi, galibi shekara ɗaya zuwa uku. Da ya ƙare, tambayar da manhaja za ta yi ita ce: an sa hannun nan ne lokacin da satifiket ke raye, ko bayan ya mutu? Za ka ce ai ga kwanan wata nan a jiki. Eh, amma wannan kwanan watan daga agogon kwamfutar mai sa hannu ya fito, kuma ko ɗan firamare ya san yadda ake mayar da agogon laftof baya. Iƙirari ne kawai, ba hujja ba.

Sai matsala ta biyu wadda ta fi wannan ciwo. Ana iya soke satifiket kafin wa'adinsa, misali an sace tokin ɗin, wato 'yar na'urar da ake ajiye makullin sirri a ciki, ko an sallami ma'aikaci. CA na sanar da sokewa ta hanya biyu: ko dogon jerin waɗanda aka soke da ake kira CRL, ko kuma sabis ɗin OCSP da za ka tambaya kai tsaye, wannan satifiket ɗin yana nan lafiya? ya ba ka amsa mai sa hannu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, da zarar wa'adin satifiket ya wuce, CA ba dole ba ne ta ci gaba da ajiye labarinsa. Za ta iya cire shi daga jerin, OCSP ma ya daina amsawa a kansa. Wato ko da an taɓa soke shi, alamar ta goge. Shi ya sa manhaja mai hankali ba za ta ce maka sa hannun ƙarya ne ba, ba kuma za ta ce gaskiya ne ba, sai ta ɗaga kafaɗa ta nuna ruwan ɗorawa. Abin da ya samu takardar Alhaji ke nan daidai.

Kuma CA ɗin kanta tana iya mutuwa. A 2011 aka yi wa wani kamfanin Holan mai suna DigiNotar kutse, aka buga satifiket na bogi da sunansa, cikin 'yan makonni kamfanin ya durƙushe. Wanda ya dogara da cewa zai koma ya tambaye su bayan shekara goma, sai dai ya tambayi iska.

Shi kansa lissafin yana tsufa

Wannan ɓangaren ne mutane ke ɗauka kamar tatsuniya. MD5 a da shi ne sarkin lissafin hash, a 2004 masu bincike a Sin ƙarƙashin Wang Xiaoyun suka nuna ana iya samun abubuwa biyu daban masu hash iri ɗaya, zuwa 2008 har an yi amfani da raunin an ƙirƙiri satifiket ɗin CA na bogi don a nuna wa duniya haɗarin. SHA-1 ya gaje shi, shi ma a Fabrairun 2017 Google da cibiyar CWI ta Amstadam suka fito da fayil biyu, kuma abin dariyar PDF ne dukansu, abin da ke cikinsu daban amma SHA-1 ɗinsu ɗaya. Ka ga ke nan abin da yake ƙarfe yau gobe yana iya zama kara.

Yanzu SHA-256 na nan da ƙarfinsa. Fargabar da ake yi ta koma kan RSA da ECDSA, saboda tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta mai aiki daban da irin namu, za ta iya karya irin lissafin da suka dogara a kai. Ba a gina mai wannan ƙarfin ba tukuna, amma hukumar NIST ta Amurka ba ta tsaya jira ba, a Agustan 2024 ta fitar da sababbin ma'aunai, ciki har da ML-DSA da SLH-DSA na sa hannu. In takardarka ta haya ce ta shekara ɗaya, wannan ba damuwarka ba ce. In ta fili ce da jikoki za su gada, ko fansho, ko digiri, to da kai ake.

Matakai huɗu, kuma yawanci a na farko ake tsayawa

Turawa sun daɗe da zama a kan wannan matsala. Hukumar ETSI ta tsara ma'aunai: PAdES na PDF, XAdES na XML, CAdES na kowane irin fayil, kuma dokar eIDAS ta 2014 da ta fara aiki a 2016 ta ba abin ƙarfi a ƙasashensu. A cikin ma'aunin akwai hawa huɗu.

Hawa na farko, B-B, sa hannu ne tsirara da satifiket ɗin mai shi. Shi ne wanda kowane koyi-da-kanka na YouTube ke koyarwa, kuma shi aka yi wa Alhaji. Na biyu, B-T, an ƙara hatimin lokaci: ka tura hash ɗin sa hannun ga wata sabar mai zaman kanta da ake kira TSA, bisa ƙa'idar RFC 3161 ta 2001, ita kuma ta sa hannu cewa na ga wannan abu a rana kaza, ƙarfe kaza. Ba ta ganin takardarka, hash kawai take gani, don haka sirrinka bai fita ba. Yanzu lokaci ya tashi daga iƙirari ya zama shaida.

Na uku, B-LT, shi ne zuciyar maganar. A ranar da aka sa hannu, lokacin da kowa ke raye kuma kowa ke amsa waya, sai ka tattaro duk silsilar satifiket, da amsoshin OCSP ko CRL da ke cewa a yau ba a soke kowa ba, ka cusa su cikin fayil ɗin kansa. A PDF akwai wani ɗaki na musamman da ake kira DSS don wannan. Kamar ka sa shaidun gonar nan su yi rantsuwa a rubuce a gaban alƙali tun ranar ciniki, ka haɗa da takardar ka ajiye. Ko sun rasu maganarsu na nan. Wannan ne Adobe ke nufi in ya rubuta maka cewa LTV, wato tabbatarwa ta dogon lokaci, na aiki a jikin sa hannu.

Na huɗu, B-LTA, sai a kawo wani hatimin lokacin a rufe komai da komai, takarda da sa hannu da shaidun da aka tattara, ya zama an tabbatar duk waɗannan sun wanzu tare kafin wani abu ya lalace.

Yadda abin yake a cikin kod

Ga 'yan uwana masu rubuta manhaja, nan ne wurin da ake zamewa. Sa hannu a PDF yana da wata dabara mai ban haushi: sa hannun a cikin fayil ɗin yake zama, alhali fayil ɗin ake yi wa hash. Yadda aka warware shi ne ka fara barin rami, wato wurin Contents cike da sifili, sannan ByteRange ya faɗi lambobi huɗu da ke nuna daga ina zuwa ina aka lissafa, kafin ramin da bayansa. Ka yi hash ɗin waɗannan, ka gina kunshin CMS, wato tsarin da ake naɗe sa hannu da satifiket a ciki, ka tura wa makulli ya sa hannu, ka karɓo hatimin TSA ka saka ciki, sannan ka zuba duka a ramin. In ramin ya yi kaɗan shi ke nan sai ka sake daga farko, ba a faɗaɗa shi bayan an yi hash. Ni kaina na taɓa barin ramin da ya ishi sa hannu amma bai ishi hatimin lokaci ba, a gwaji komai na tafiya don ban kunna TSA ba, ranar da aka kunna na kwana a ofis a Wuse 2 ina neman inda kuskure yake, janareta na ta ƙugi, ashe 'yan kilobayit ne suka gaza. Bar rami mai yalwa, sifili ba ya cin kuɗi.

Abu na biyu, duk abin da za ka ƙara bayan sa hannu, DSS ne ko hatimi na gaba ko sa hannun mutum na biyu, dole ya zama ƙari a gindin fayil, ba tare da an taɓa bayit ko ɗaya na sama ba. PDF ya yarda da wannan salon ƙari. Amma laburare da yawa in ka ce su yi sebin, sai su sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya su gyara masa zama, a ido iri ɗaya ne, a lissafi kuwa an kashe sa hannun. Haka in ka sa hannu sannan ka tuna ba ka manna QR ko lambar shafi ba. A gama duk kwalliya tukuna, sa hannu shi ne na ƙarshe.

Na uku, kuma wannan ne ake yawan mantawa: ba satifiket ɗin mai sa hannu kaɗai ke buƙatar shaida ba. Na tsakiya ma na buƙata, na TSA ma na buƙata da tasa silsilar. Mutum zai saka OCSP ɗaya ya ce ya gama LTV, bayan shekaru a ga hatimin lokacin ne ba shi da mai tsaya masa. An rufe ƙofa da ɓarawo ke nan.

Sai maganar netwok, wadda mu a nan mun fi Bature saninta. Sa hannu na B-LT yana buƙatar fita waje sau da yawa, TSA, OCSP, wani lokaci saukar da CRL mai nauyi. Idan intanet ya yanke a tsakiya me kod ɗinka zai yi? Na ga tsarin da in OCSP bai amsa ba sai kawai ya haɗiye kuskuren ya ci gaba, ya ba mutum takarda kamar komai daidai. Gara ka jefa ta a layi, a sake gwadawa bayan minti kaɗan, kuma kar a ce an kammala sai an kammala. Kana da 'yan kwanaki ko watanni na cike giɓin matuƙar satifiket na raye, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kar ka ce za ka rubuta duk wannan da hannunka daga tushe. Akwai laburaren DSS na Hukumar Tarayyar Turai a Java (suna ne kawai ya zo ɗaya da ɗakin DSS na cikin PDF), kyauta ne kuma ya san duk hawa huɗun, akwai iText, akwai Apache PDFBox tare da Bouncy Castle in kana son wahala kaɗan, masu Python kuma ga pyHanko. Ni pyHanko na fi jin daɗi don ƙananan ayyuka, amma in abin na hukuma ne DSS nake ɗauka, ko ba komai zan yi amfani da shi in duba aikin da wani laburaren ya yi. Shi kuwa makullin sirri, don Allah a daina ajiye shi a fayil ɗin pfx kusa da kod har a tura shi GitHub. Wurinsa cikin HSM ne, wato na'ura ta musamman mai tsare makulli, ko tokin na USB, a yi magana da shi ta ƙa'idar PKCS#11, hash ya shiga sa hannu ya fito, makulli bai taɓa leƙowa waje ba. Af, satifiket ɗin SSL na shafin intanet ɗinka ma ba na wannan aikin ba ne, an sha tambayata.

Tsugune ba ta ƙare ba

Ko B-LTA ba a yi shi a kwanta. Hatimin lokaci shi ma sa hannu ne, satifiket ɗin TSA na da wa'adi, sai dai nasa ya fi tsawo, wasu kan kai wajen shekara goma. Kafin ya ƙare, ko kafin lissafin da aka yi shi da shi ya raunana, dole a tattaro shaidun wannan hatimin a saka a DSS, a sake buga sabon hatimi a kan duka da lissafi na zamani. Kowane sabo yana rantsuwa cewa na ga na baya lokacin yana da lafiya. Haka za a yi ta yi, sarƙa na ƙara tsawo. Idan ranar kwantum ta zo, takardar da aka rufe da sabon hatimi mai jure masa kafin ranar ta tsira, wadda aka bari kuwa ko oho.

Ma'ana ajiyar takardun dijital aiki ne mai buƙatar mai kula, da kasafin kuɗi, da wani ɗan shiri da ke zagayawa yana duba wa'adin kowane fayil. Ma'aikatar da ke da takardu miliyoyi ba sai ta buga wa kowanne hatimi daban ba, akwai tsarin RFC 4998 na 2007 da ke haɗa hash ɗin takardu da yawa a bishiya ɗaya a buga musu hatimi guda. A ganina nan ne za mu fi samun matsala a ƙasar nan, ba wajen fasaha ba. Mun iya ƙaddamar da abu da yanka kyalle, kula da shi bayan shekara bakwai lokacin da wanda ya kawo kwangilar ya bar kujera, wannan kuma sai addu'a.

Masu cewa QR ya isa, da masu bulokcen, da masu biro

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce, a manna QR a takarda, wanda ke shakka ya yi sikanin ya shiga shafin hukuma ya gani. Gaskiya yana da sauƙi kuma yana aiki ko a takardar da aka buga a furinta, wanda sa hannun dijital ba ya yi. Rauninsa shi ne komai ya rataya a kan shafin. In an canza adireshi, ko rumbun bayanan ya lalace, ko wani na ciki ya gyara rikodin, takardarka ba ta da bakin kare kanta. Kuma ɗan damfara na iya buga nasa QR ɗin da zai kai ka shafi mai kama da na gaske, mutum nawa ne ke tsayawa karanta adireshi? Ni dai ina ganin a haɗa biyun.

Masu bulokcen kuma, wato rijistar da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinta tare, abin da suke bayarwa shi ne shaidar cewa wannan hash ya wanzu a lokaci kaza. Hatimin lokaci ne ta wata hanya, ba laifi. Amma bai gaya maka waye ya sa hannu ba.

Lauyoyi da dama har yanzu biro suka fi yarda da shi, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 93 ta amince da sa hannun lantarki, sashe na 84 kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da kwamfuta ta fitar a kotu, har da takardar shaida kan na'urar, gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara fito da maganar sa hannun dijital fili. Dokar laifukan intanet ta 2015 a sashe na 17 ta ce irin wannan sa hannu yana ɗaure mutum a ciniki, kuma wanda ya ce ba nasa ba ne shi zai kawo hujja. Amma ta ware wasu abubuwa, irin su wasiyya, takardar haihuwa da ta mutuwa, da al'amuran aure da saki. To ka ga doka ta buɗe ƙofa, sai dai ranar da aka je gaban alƙali, loyan ɗaya ɓangaren zai buɗe laftof ya nuna alwatikan nan mai ruwan ɗorawa, kai kuma ka fara dogon bayani.

Kai da ba injiniya ba, me ya shafe ka?

In an turo maka takarda mai sa hannun dijital, asalin ita ce fayil ɗin, ba abin da ka buga a takarda ba. Ka ajiye shi yadda ya zo. Kar ka saka shi a shafukan nan na rage nauyin PDF, kar ka haɗe shi da wasu takardu ya zama fayil ɗaya, kar ka yi masa firint zuwa sabon PDF, duk waɗannan suna kashe sa hannun, hoton kawai zai rage. A WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen. Yawancin burauza da manhajojin waya ba sa duba sa hannu, nuna maka shafi kawai suke, don haka ka buɗe a Adobe Acrobat Reader a kwamfuta, ka shiga ɓangaren sa hannu ka karanta: waye ya sa, wa ya ba shi satifiket, lokacin daga TSA ya fito ko daga agogon kwamfutarsa, LTV na aiki ko a'a. Kuma ka riƙa sabunta manhajar, don a 2019 masu bincike a jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna ana iya yaudarar mafi yawan manhajojin duba PDF su nuna kore a takardar da aka canza, daga baya aka toshe.

Ja na nufin an taɓa takardar ko sa hannun ya lalace, wannan ka tsaya cak. Ruwan ɗorawa na nufin manhajar ba ta iya tabbatarwa ba, wataƙila ba ta san CA ɗin ba ne, wataƙila kuma irin na Alhaji ne.

Shi Alhajin, da safe na same shi a ofis da shayinsa na zayyana masa komai. Ya ce, "To yanzu Injiniya ba za ka cusa shaidun nan a ciki ba kawai?" Na ce ranka ya daɗe waɗanda satifiket ɗinsu bai mutu ba yau ɗin nan zan yi musu, tsofaffin kuwa ba inda zan samo amsar OCSP ta shekara uku baya, hatimin da zan buga yau kuma yau kawai zai shaida. Muka zauna da sakatarensa muka ware su gida biyu. Na tsofaffin duk da haka na buga musu hatimi don a tsayar da su inda suke, loya kuma ya shirya 'yar takardar tabbatarwa da ɓangarorin za su sake sa wa hannu, wannan karon da B-LTA. Yawancinsu an same su a waya. Mutum ɗaya ne ya rasu bara, yanzu ana jiran magadansa su zo daga Jos bayan sallah.